Ƙarfen da Gazali Ya Bari

"Kin ji?"

Kamila ta ɗago daga kwanon da take wankewa. Inna Batula na tsaye a bakin madafa da ludayi a hannu, ta karkata kai gefe kamar mai sauraren sallama daga waje.

"Mi zan ji, Inna?"

"An aje shi. Yanzu-yanzun ga anka aje shi ƙasa. Dim!"

Kamila ba ta ji komai ba sai kukan tunkiyar maƙwabta. Ba ta yi musu ba, ta daɗe da daina musu. Kullum la'asar ta yi sanyi sai Inna ta ji wannan ƙara, kuma kullum wuri ɗaya idonta ke zuwa, lungun da ke tsakanin rumbu da katanga.

A can yake ajiye. Bokitan fenti ne guda biyu da aka zuba wa siminti, ba a ma cika su har baki ba, aka soke su da dogon bututun ƙarfe ta tsakiya. Damina biyu ke nan ba wanda ya taɓa shi. Ciyawa ta kewaye shi, tsatsa ta ci bututun. Kaji ma, ni dai ban san dalili ba, ba sa hawa kansa.

Gazali ne ya zuba shi da hannunsa. Yayan Kamila ne, ɗan farin Inna, dogo mai yawan dariya. Bayan ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da mahaifinsu, Malam Ɗangiwa, sai Gazali ya tsiri zuwa Tambuwal wajen wani mai walda, Shafi'u, wanda ke da fili a bayan shagonsa inda samari ke ɗaga ƙarfe. Bai daɗe ba ya daina zuwa, ya dawo ya zuba nasa a gida.

Wata la'asar ya sunkuya ya ɗauko shi daga ƙasa, sai ya sake shi, dim, ya durƙushe yana riƙe da mara. Ya ce ba komai, ya shige ɗaki. Ashe ƙaba ce ya daɗe yana ɓoyewa, ranar ta shaƙe masa hanji. Ya kwana ya yini yana murƙususu shi kaɗai. Sai da amai ya ƙi tsayawa aka sa shi tsakiyar mutum biyu a kan babur, aka nufi asibiti. Ga damina, ga hanyar garinsu, Kebbe, da kowa ya san halinta. Kafin su shiga Tambuwal rai ya yi halinsa.

Inna ba ta yi kuka a gaban mutane ba. Ɗan fari ne, kunya ba ta bari. Tun da ta haife shi ba ta taɓa kama sunansa ba, "yaron ga" take cewa, ko "yayanki" in da Kamila take magana. Mutuwar ma ba ta canja wannan ba.

To, ga inda abin ya ƙulle. Duk samarin Kebbe da Tambuwal, zuciyar Kamila ba ta tashi sauka a kan kowa ba sai Shafi'un nan dai. Shi ya yi ta zaryar gaisuwa bayan rasuwar, shi ya ƙera wa Malam kujera mai tayoyin keke. Daga zaure aka fara gaisawa, daga gaisuwa kuma kun san sauran.

Inna ta ajiye ludayin, ta zo ta tsaya a kan Kamila.

"Ke ba yarinya ta ba, kina koyar da ɗiyan mutane makaranta. Ban tilasta miki kowa. Amma in yaron can na son shi shigo gidan ga da sunan suruki, shi dafa Alƙur'ani gabana, shi rantse ya bar ƙarfe har abada, shi rufe filin can."

"Inna, don Allah..."

"In ya ƙiya, ga Nuraddeen nan, ɗan wana na, shi ba shi ɗaga komi sai waya. Jumma'ar ga nika jiran amsa. Ƙarfe ya ci min ɗaya, Kamila. Ban ba shi ta biyu."

Hawayen Kamila suka ɗiga a ruwan wanke-wanke.

*

Ranar da ta shiga Tambuwal karɓo wa Baba magani, Ruwaida, ƙanwar Shafi'u, ta raka ta har bakin filin, ta koma gefe ta zauna tana latsa waya.

Da hantsi ne, ba kowa a wurin. Tsofaffin ƙafafun mota da giyar tarakta ne jere a jikin katanga, kowanne an soke shi da bututu. Kamila ta kau da kai, ko kallonsu ba ta son yi.

Shafi'u ya fito daga shago yana cire baƙin gilashin walda. Yana ganin idonta ya san ba lafiya.

Ta faɗa masa komai, ba ta rage ko kalma ba.

"Ka rantse mata, Yaya Shafi'u. Mi zai rage ka da shi? Walda ka ciyar da kai, ba ƙarfen ga ba."

"In na dafa Littafi na ce na bari, to sai in bari, Kamila. Ban iya rantsuwa yau in zagayo ta baya gobe."

"To ka bari mana!"

Ya zauna a kan wata tsohuwar taya, ya haɗa hannuwa.

"Kin san Malam Kamilu direba? Ran da yaz zo nan ko ruku'u ba shi iyawa, zaune shika sallah. Da sandar tsintsiya munka fara. Yau shina ɗauko jikanshi daga ƙasa, shina sallah tsaye cikin sahu. Irinshi sun kai nawa? In na rufe filin ga, ba bari za su yi ba. Kowa zai koma lungun gidansu shi zuba siminti, ba mai kallo, ba mai ce mai miƙe bayanka."

"Ni ina ruwana da su?"

"Duk ɗagawar da aka yi nan, ɗauko-daga-ƙasa ita ɗai ta yi kama da zaman duniya. Ba wanda ka kwanciya bisa benci shi tura buhu sama. Amma kullum sai mutum ya ɗauko wani abu daga ƙasa, ko tulu, ko buhu, ko ɗa, ko marar lafiya. Tana ƙarfafa baya da ƙugu da cinya, har riƙon hannu." Ya ɗago ya dube ta. "Ke fa? Ya bayanki?"

Kamila ta sunkuyar da kai, don nan ya kama ta. Bayan rasuwar Gazali ita ta gaji ɗaga Baba daga tabarma zuwa kujera. Malam kuwa ba a banza ake ce masa Ɗangiwa ba, mutum ne mai jiki. Cikin wata ɗaya bayanta ya riƙe, har kuka take yi a ɓoye. Shafi'u ne ya nuna mata a zaure, da bokitin ruwa, yana can gefe: ki kafa ƙafa, ki matso da kaya jikin ƙwauri, ki tura ƙugu baya, bayanki a miƙe, ki ja numfashi ki riƙe, sannan ki taka ƙasa ki tashi. Tun daga nan ciwon ya sake ta. Sai dai ba ta yarda ta ɗaga Baba sai Inna na madafa.

"Na warke," ta ce. Sai kuka ya ƙwace mata. "Amma ɗagawar ga ita ta kashe min yaya! Ita ta kashe shi, Yaya Shafi'u, kai ko kana nan kana yabonta!"

Fuskarsa ta canja, kamar an watsa masa ruwan sanyi.

"Ba kowa na ta dace da shi ba. Wallahi rabin yaran ga ban bari su yi ta. Ɗan dako da ya yini jidar buhu, mi za ta ƙara mai in ba gajiya ba? Mai son damtse da ƙirji akwai hanyoyinshi daban, har ya tsufa bai taɓa ta ba, kuma bai rasa komi ba. Mai ƙaba kau, ko kusa kar shi zo."

Ya sunkuyar da kai.

"Ran da nig gane abin da Gazali ka ɓoyewa, na ce shi tai asibiti a yi mai aiki, in ya warke shi dawo. Ya ji kunya, ya mai da abin dariya. Ni ko na kore shi, gaban mutane, wai don tsoro shi kai shi asibiti. Ban san gida zai je shi zuba nashi ba. Da na bar shi nan, da idona na kanshi."

"Ba ka taɓa gaya min ka kore shi ba."

"Da wane baki? Har yau in na sunkuya zan kama ƙarfe, ƙafafunshi nika gani gabana, da silifas ɗin nan nashi ɗaya shuɗi ɗaya ja. Sai in ɗago, ba kowa."

Kamila ta san silifas ɗin, suna nan a ƙarƙashin gadon Inna.

"Abu ɗaya na ban gane ba," ya ci gaba. "Kowane saurayi ya zo nan, madubi shika nema. Shi kau ko kallon damtsenshi ba shi yi. Wagga ɗagawa ɗai yac ce in koya mai, ita kaɗai, kuma da gaggawa kamar ana kora tai. Na tambaye shi, sai dariya."

Wani tunani ya leƙo zuciyar Kamila, mai sanyi da ban tsoro. Ta kore shi tun bai zauna ba.

"Jumma'a za ka zo?"

"Zan zo. Amma ban yi wa Inna ƙarya."

"Ke nan ka zaɓi ƙarfe ka bar ni."

"Ina son ki, Kamila, Allah na shaida. Ban iya fara zama da ke da rantsuwar ƙarya."

Ta ja mayafinta ta rufe fuska, ta juya. Ruwaida ta biyo ta tana kira, ko waiwayowa ba ta yi ba. Tun daga tasha har Kebbe kuka take yi a bayan ɗan kabu-kabu, shi kuwa yana ta ba ta haƙuri a kan ramukan hanya, ya zaci su ne suka sa ta kuka.

Tana sauka ta ga motar Nuraddeen a ƙofar gida.

*

Kada in ɗauki alhakinsa, Nuraddeen ba mugu ba ne. Dillalin albasa ne a Sanyinna, mai fara'a, mai sakin hannu. Matsalarsa ɗaya, ya ɗauka duk abin da ya sa wa shadda da turare ya zama nasa.

"Taubashiya!" ya ce yana washe baki. "Wa ya taɓa min ke, ido ja haka? Ko mai waldan ya haska miki wuta ba gilashi?"

Da can ne da ta rama, don wasa ne tsakaninsu tun suna yara. Yau ko murmushi ta kasa. Ta gaishe shi a gajarce, ta wuce wurin Baba da ke kwance a inuwar dogonyaro, ta durƙusa tana gyara masa matashi.

Nuraddeen ya yi nuni da lungun rumbu.

"Gwaggo, wai mi aka jira da tarkacen can? Ki bari in turo yara su fasa shi da guduma, a cike ramin ƙofar gida."

"Bar shi nan," Inna ta ce da sauri. "Nan nika son shi, in riƙa ganin abin da son a sani ya ja min. Yaro da aikinshi, da gonarshi, ya tai ya koyo wai shi zama ƙato. Don mi? Don a ce mai mi? Allah wadaran ƙarfen ga da wanda ya koya mai shi."

Malam Ɗangiwa ya fara bugun tabarma da hannunsa mai lafiya. Hawaye na gangarowa ta gefen idonsa zuwa kunne. Tun da ciwon ya same shi magana ke yi masa wuya, kalma ɗaya sai ya yi gumi, bayan rasuwar Gazali kuwa kusan ya daina ta gaba ɗaya.

"Ka gani ko?" Inna ta ce wa Nuraddeen. "Malam ma ko zancen ba shi son ji."

Kamila ta share wa mahaifinta fuska da bakin mayafi. Ya kafe ta da ido, leɓensa na motsi, sannan ya juya fuska ga katanga.

"Ka dawo Jumma'a," Inna ta ce wa ɗan wanta. "In abin da nika zato ya faru, sai ka gaya wa babanka shi shirya."

*

Jumma'a ta zo da hadari. Tun da aka sauko daga masallaci gabas ta yi baƙi ƙirin, iska na kaɗa ganyen dogonyaro.

Shafi'u ya yi sallama da la'asar, sanye da farar riga da ta sha guga. Inna da kanta ta fito zaure, riƙe da Alƙur'anin Malam a cikin gafakarsa. Kamila ta laɓe a bayan ƙyaure.

Ya durƙusa har ƙasa ya gaishe ta. Ta amsa a daƙile, ta miƙo gafakar.

"Ka san abin da ya kawo ka. Dafa."

Bai ɗaga hannu ba.

"Inna, ki gafarce ni. Ki ce in bar Tambuwal in dawo Kebbe, zan dawo. Ki ce in yi wa Baba hidima har ƙarshen raina, zan yi. Amma ban iya rantsewa kan abin da na san ban yarda da shi ba. In na rufe filin can, wani yaro zai shiga lungu shi kaɗai, wata uwa ta ji abin da kika ji."

"Kar ka kuskura ka gaya min abin da nika ji!"

"Na yi kuskure kan Gazali, Inna. Kora tai nay yi, da riƙe shi ya kamata in yi. Wanga zan mutu da shi."

Jin sunan ya sa Inna ta runtse ido. Ta rungume gafakar a ƙirji.

"Tashi ka tai. Na gode da kujera. Ɗiyata kau, ka cire rai."

Kamila ta toshe baki da mayafi, ta zame a jikin bango. Shi ke nan, ta ce a ranta, ya ƙare.

Sai ruwa ya ɓalle kamar da bakin ƙwarya, tare da ihu daga tsakar gida.

"Wayyo bayana! Gwaggo! Bayana!"

Nuraddeen ne, wanda tun ɗazu ya iso yana jira a tsakar gida. Ganin ruwa ya sauko ya ce bari ya gwada bajinta ya mai da Malam kan kujera. Ya sunkuya ƙafafu a sandare, ya cusa hannu a hammatar tsoho ya fizga. Bayansa ya amsa, ƙas, suka zube tare. Kujerar ta gangara can, Malam ya faɗi a kwatar da ruwa ke bi, gefen fuskarsa cikin laka.

Kamila ta riga kowa isa. Ta manta da Inna, ta manta da ɓoyo. Ta kafa ƙafa, ta tura ƙugu baya, ta miƙe bayanta, ta rungumo mahaifinta ta ɗago shi zaune. Daga nan ta kasa, ƙasa ta yi santsi, rigarsa ta sha ruwa.

Inna ta tsaya cak. Wannan tsayuwa ta san ta. Ta sha hango ta daga madafa, a lungun rumbu.

"Wa ya koya miki wanga?"

"Yaya Shafi'u!" Kamila ta ƙwala kira. "Shigo! Don Allah shigo!"

Ya shigo da sallama a bakinsa. Ya durƙusa kusa da Malam, ya ce, "Baba, ni na, Shafi'u, ka saki jikinka." Ya zura hannu ɗaya a bayansa, ɗaya a ƙarƙashin gwiwoyinsa, ya manna shi da ƙirji, ya ja numfashi, ya tashi. Ya kai shi har bakin ɗaki, ƙarƙashin rumfar kwano, ya zaunar da shi a kan tabarma. Kamila ta hau goge masa laka. Nuraddeen ya rarrafo gefe yana nishi, shaddar ta zama abin tausayi.

Inna ta dubi Shafi'u. Muryarta ba ta yi laushi ba.

"Allah shi saka. Tunda ka shigo, ka yi min abu ɗaya. Kwashe ƙarfen can ka fita min da shi. Ya isa haka. Har ɗiyata kun koya wa. Ka tai da shi, kai ma kar in ƙara ganinka."

Shafi'u ya shiga cikin ruwan, ya nufi lungun rumbu. Ya tsaya a kan abin, ya daɗe yana kallon ƙasa a gabansa, Kamila ta san ƙafafun wa yake gani. Ya tuge ciyawar da ta riƙe bokitan, ya matso har bututun ya taɓa ƙwaurinsa, ya kama.

Ƙasa ta saki bokitan da ƙyar. Ya miƙe da shi.

Sai ya tsaya. Bai yi gaba ba, bai sauke ba. Ruwa na zuba a fuskarsa, idanunsa a buɗe, yana kallon Malam, yana kallon simintin.

"Mi ya faru?" Kamila ta tambaya.

"Yanzu na aje wanga nauyi," ya ce a hankali. "Yanzu-yanzun ga, bisa tabarmar can."

Ya dubi Inna.

"Inna, dubi bokitan ga. Mai son zama ƙato cika su shika yi har baki, shi ƙara da duwatsu. Shi bai cika ba. Awo ya yi. Wanga nauyin Baba na, sai ɗan abin da Baba ya rame."

Tunanin da Kamila ta kora a Tambuwal ya dawo ya zauna. Ta tuna Gazali kafin ya kwaɓa simintin. Sai ya ɗaga Baba ya ajiye, ya ruga lungu ya ɗaga bokitan da yashi a ciki, ya ɗebe kaɗan, ya ƙara kaɗan, ya sake dawowa. Ta yi ta yi masa dariya a lokacin, ta ce ya zama mai awon hatsi.

Ta juya ga mahaifinta. "Baba, gaskiya ta?"

Malam ya gyaɗa kai. Ya buɗe baki, jijiyoyin wuyansa suka miƙe, kalmomin suna fitowa ɗaya bayan ɗaya.

"In ya... ɗauke ni... shina nishi. Ni ko... in yi kuka. Yac ce... Baba... zan koya. Har in... ɗauke ka... ba ka ji... nishina ba." Ya buga ƙirjinsa. "Ni na. Don ni na. Na kasa... faɗi."

Gafakar ta nemi suɓucewa daga hannun Inna, Kamila ta yi sauri ta karɓe ta.

"Na gane shi," Inna ta ce, ba da kowa take ba. "Na gane shi shina dafe mara tun kafin damina. Na ga yadda shika tafiya. Ran da ya kwanta, sau nawa nika zuwa bakin ƙofarshi da kunu, in tsaya, in juyo. Wai kunya. Wai kar a ce na damu da ɗan fari. Ɗana na ciki shina mutuwa, ni ko ina waje ina kunya!"

Kuka ya zo mata, wanda ta riƙe damina biyu, mai sauti, ba ɓoyo. Nuraddeen ma ya sunkuyar da kai yana share ido.

Har yanzu Shafi'u na tsaye da ƙarfen, hannuwansa sun fara rawa.

"Inna, in fita da shi?"

Ta ɗago jajayen idanu.

"A'a. Aje shi. Aje min shi inda shike."

Ya tura ƙugu baya, ya sauko da shi a jikin ƙafafunsa sannu sannu, har bokitan suka koma cikin ramukansu. Inna ta ƙanƙame jiki tana jiran ƙarar da ta saba ji. Ko ƙis bai yi ba.

Ta daɗe tana kallon wurin. Sannan ta share fuska da bakin zane.

"Kamila."

"Na'am, Inna."

"Baƙonki ya jiƙe. Ɗauko mai rigar babanki, ki shimfiɗa mai tabarma zaure. Ki kai mai fura. Ki ce in ya koma shi gaida magabatanshi, shi ce muna nan."

Kamila ta dubi Shafi'u, ya dube ta, ya sunkuyar da kai ya fice zuwa zaure, kafaɗunsa na rawa.

Ta shiga ɗaki ta ɗauko rigar da tabarmar. Tana fitowa ta ga Inna ta shiga cikin ruwan ba ko takalmi. Ta je lungun rumbu ta durƙusa a cikin laka, ta ɗora tafin hannunta a kan simintin, tana shafa shi kamar kan yaro mai zazzaɓi.

Kamila ta kusa ƙofar zaure lokacin da ta ji muryar a bayanta, ƙasa-ƙasa, irin ta uwa mai kiran ɗanta ya zo ya ci tuwo tun bai huce ba.

"Gazali," Inna ta ce. "Gazali. Gazalina."